Sunaye a Ƙofar Kamfani

Yaya Abdulƙadir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Fiddausi ta koma makaranta kuwa?

Ni lafiya ƙalau nake a Idu, nan birnin tarayya, kada labaran rediyo su tayar muku da hankali. Sai dai tun da kasuwannin duniya suka rikice, gwamnati ta taƙaita ba da dala, kamfaninmu na roba ya kasa shigo da kayan aiki. Duk Juma'a oga yakan manna sunayen waɗanda aka sallama a ƙofa. Wancan satin Labaran, abokin ɗakina, ya ga nasa. Yanzu dakon lemo yake yi a kasuwar Zuba. Na tambayi oga matsayina, ya ce, "Sadisu, ni ma ban san makomata ba."

Jibi Juma'a. Ina cin abinci, alhamdu lillahi, barcin ne dai sai a hankali.

Don Allah kada Inna ta ji. A sa ni a addu'a. Gonata ta bakin rafi kuma, kada a ba kowa aronta tukuna. A ajiye mini irin masara.

Ƙaninka,
Sadisu