Kajin Jegon Furera

Talata, 16 ga Afrilu, 2024

Ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, ina gindin darbejiyar ƙofar gida ina tsintar wake, malamata ta jami'a ta kira. Ta gama gwada ƙasa da ƙwan da na kai mata. Duka akwai sinadarin tsohon man taransifoma, mai guba. A ƙwan ya fi yawa.

Takin da Basiru mai tifa ya sayar wa Baba bara ne. Na zamani ya gagara saye, shi kuma ya zo da baƙar ƙasa mai sheƙi. Baba ya murza a hannu ya ce bai taɓa ganin taki mai maiƙo haka ba. Ashe daga filin da ake fasa taransifoma ana cire jan ƙarfe ya kwaso ta.

Ragowar tulin na bayan gida. A kai kajinmu suka girma. Su aka yi ta yanka wa yayata Furera da ta zo wankan jego. Wata uku tana shayar da ɗanta Hadi.

Laraba, 17

Na sake karantawa game da sinadarin don kada in faɗi abin da ba shi ke nan ba. Ba ya narkewa sosai a ruwa, ƙasa yake kamawa da kitse. Ƙananan ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa suna cin sa, amma a hankali, shekaru. Tsutsa ta ɗauki kaɗan, kaza ta ci tsutsa dubu ta tara, mutum ya ci kaza ya tara. Uwa kuwa ta nono take sauke nata.

Dahuwa ba ta kashe shi. Inna ta ce a cinna wa tulin wuta, na riƙe hannunta. Hayaƙin ya fi shi sharri.

Juma'a, 19

Na tare Basiru bayan an sauko daga masallaci. Na yi masa bayani. Dariya ya yi.

"'Yar Malam, dawar bara ba ta yi kyau ba? Digirin nan dai, a samo masa aiki."

Allah ya isa. Na so a ce an dafa masa ƙwan nan kullum, ina tsaye yana haɗiyewa.

Litinin, 22

Ƙuraje a wuyan Hadi. Wataƙila zafi ne kawai. Ba ni da hujja. Furera ta tambaye ni ko ta yaye shi, na ce kada ta yi sai likita ya gan su. Ta juya ta ba shi nono tana kallon bango.

Asabar, 27

Na bi ta bayan gidan Basiru. Shi ma ya jibge tuli a gindin katangarsa, kaji na ta tono. Matarsa Sauda cikinta ya tsufa, an ce kajin na jegonta ne.

To. Ba sai na ɗaga ko yatsa ba. Ai na faɗa masa, ya yi dariya.

Na ci tuwo sosai yau.

Lahadi, 28

Ban ce wa kowa komai ba.

Alhamis, 2 ga Mayu

An yi yayyafin farko. Baƙin ruwa ya gangara daga tulinmu ya bi kwata. Mun lulluɓe tulin da leda, aikin banza wataƙila.

Sauda ta aiko wa Furera zanen goyo. Inna ta ce wani ya je godiya, babu kowa sai ni. Na same ta tana watsa wa kajin tsaba, tana nuna mini wadda za a fara yankawa ranar suna. Na ɗan daɗe, sannan na faɗa mata abin da ke cikin tulin da kajin. Ba don Basiru ba ne. Ban yafe ba.

Da zan fito ta ce, "To me zan ci, Yaya?" Na ce zan tambayo.

Abin da ban sani ba har yanzu:

Nawa ne a jikin Furera, nawa ya wuce wa Hadi.
Ko ya kai rijiya.
Gonaki nawa tifar ta shiga.
Inda za a kai tulin.
Ko Basiru ya san abin da ya kwaso. Mai sani zai zuba a gidansa?
Inda zan samo wa Sauda kaji masu tsabta kafin ta haihu.