Zan ba da shaida a kan kamfanin da ƙanena ke yi wa aiki

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni mai gyaran waya ne. Shekara goma sha bakwai ina zaune a kan benci ɗaya, a shagon da in na miƙe hannu biyu sai na taɓa bango, kuma ban taɓa sa wa mutum kayan jabu na ce na asali ne ba. Amma tun da kamfanin wayar nan da ya mamaye kasuwa ya sabunta manhajarsa, duk wayar da na canza wa sikirin sai ta fito da saƙo wai ba a san wannan kayan ba, a kai ta cibiyar kamfani. Ko da kuwa daga waya irinta sak na ciro shi.

Makon jiya wata malamar makaranta da na shekara takwas ina yi wa gyara ta ajiye wayarta a teburina, ta nuna saƙon da yatsa, ta ce ba ta zaci haka daga gare ni ba. Ko murya ba ta ɗaga ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Mu masu gyara mun kai ƙara hukumar hana babakere a kasuwanci, an sa ranar sauraro, abokan sana'a suka ce ni zan yi magana, wai dama surutu ne aikina na biyu.

Matsalar ita ce ƙanena. Ni na koya masa riƙe sukuddireba, yanzu a cibiyar kamfanin yake aiki. Ya taɓa nuna mini wata takardar cikin gida da ta ce lambar da ke jikin kayan kawai wayar ke dubawa, ba ingancin kaya ba. Na ɗauki hotonta bai sani ba. Matarsa ta kusa haihuwa. Mahaifiyarmu ta ce in na jawo aka kore shi, kada in ƙara taka mata ƙofa.

Zuwa kam zan je, babu fashi. Amma in fito da takardar ko in bar ta?

Naki,
Mai gyaran da aka mayar maƙaryaci

Ɗana, ka je, kuma ka je da ƙarfinka. Maganar ta wuce shagonka. Wanda ya sayi waya da guminsa yana da ikon zaɓar wanda zai gyara masa ita, kuma don irin wannan aka kafa hukumar.

Sai dai ka shirya, kamfanin ba zai zo hannu rabbana ba. Zai ce yana kare mutane ne daga batiran jabu masu kamawa da wuta da kayan wayoyin sata. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kai ma ka san ba duk abokan sana'arka ne masu tsoron Allah ba. Ka amsa wannan tun kafin a jefo maka shi, sannan ka ce a hukunta mai ha'inci, kada a rufe ƙofa ga kowa.

Takardar kuwa, a'a. Ba taka ba ce. Bisa amana ƙaninka ya nuna maka, kai kuma ka ɗauka a ɓoye. Ka goge hoton, ka same shi ka faɗa masa abin da ka yi, ka ba shi haƙuri. Hukumar na da ikon neman takardun kamfani ta hanyar doka. Ku roƙe ta ta yi hakan. Mahaifiyarku ma ka je ka zauna da ita, ka tabbatar mata sunan ɗanta ba zai fito daga bakinka ba. Tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa.

Ai hujjar da ta fi takarda tana hannunka. Ku haɗu da abokan sana'arka ku sayi sababbin wayoyin kamfanin biyu iri ɗaya, ku kai su a kwalinsu ba a ɓare ba. Ka nemi izini ka musanya sikirin ɗinsu a gaban kowa, ka kunna, ka koma gefe ka yi shiru. Idan saƙon ya fito a kan kayan kamfanin da kansa, lauyansu ne zai nemi abin faɗa.

Ka kuma gayyaci malamar nan, ka samar mata kujera a sahun gaba. Allah ya ba ka sa'a, ya sauki matar ƙaninka lafiya.