Daga Ikom Zuwa Bakin Teku da Ƙafa

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Na gama zana hanyar. Mota zuwa Ikom, daga nan sai ƙafa: kurmin Kuros Riba, Kalaba, sannan in bi gaɓar teku kwana uku. Kwana goma sha shida gaba ɗaya. Shekara talatin da biyu ina aikin safiyo, ban taɓa zana taswirar da ta burge ni kamar wannan ba. Ni kaɗai zan tafi.

Asabar, 12 ga Oktoba
Zagaye ashirin a filin wasa na Pantami, da jaka mai kilo goma sha biyu a baya. Wani ya tambayi shekaruna. Na ce sittin da uku, ya ƙi yarda.

Juma'a, 18 ga Oktoba
'Yata Bashira ta zo daga unguwar Nasarawo da gidan sauro da maganin zazzaɓi. "Baba, in ka faɗi a dajin nan, wa zai sani?" Na ce ba zan faɗi ba. Ta ninke mini rigar ruwa, ta tafi ko abinci ba ta ci ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Na nuna wa maƙwabcina Bakari taswirar, shi da ya yi shekaru yana kora shanu kudu. Na karanta masa sunayen garuruwa. Da na ambaci wani rafi sai ya ce, "Malam Dalhatu, wannan ba ya hayuwa sai Janairu. Bijimai biyu ya cinye mini." Na ce takarda ta nuna gada. Ya ce, "To, Allah Ya sa." Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba.

Talata, 5 ga Nuwamba
Na kira wani tsohon abokin aiki a Kalaba. Gadar ta karye tun shekara huɗu da suka wuce. Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Yau ban fita ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Na ɗage tafiyar zuwa Janairu, saboda damina ba ta gama ɗaukewa a can ba. Shekaranjiya Bakari ya gyara mini wurare biyar a taswirar. Ƙanana ne dai. Ya ce yana marmarin ganin teku, don a da tun daga nesa yake juyowa da shanu, bai taɓa isa ba. Na ce in yana so ya biyo ni, ba zan hana shi ba.

Da safe mun gwada ƙafa a hanyar Kwami, awa huɗu. Shi ne a gaba, sanda a kafaɗa, ni a baya. Ban yi ƙoƙarin wuce shi ba.