Gajerun Masarar Dakta

Zuwa ga uwar yarana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya ƙafar taki? Ya 'yarmu mai jego da jaririn? Ni lafiya lau, in ban da girkina, wanda ko kyanwa ta daina zuwa.

Bayan haka, na tafka ɓarna a wurin aiki. Kin san shekara talatin ina ɗakin gilashin nan na rainon tsiro, hannuna ya saba: duk wanda ya tsumbure sai in tuge shi. To, sabuwar Daktarmu, yarinya sa'ar 'yarmu, shekara biyu tana gyara ƙwayoyin halittar masara don rage sinadarin da ke sa kara tsawo, kada iska ta kwantar da gona. Ranar da ta yi wa ma'aikata bayani ina asibitin ido. Tana tafiya taro, na bi tukwane na tuge gajeru ashirin da huɗu, na bar mata dogaye, waɗanda gyaran bai kama ba.

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba. Bokiti ta kifa ta zauna tana kallon tukwanen. Da ma zagina ta yi.

Ga abin da ban gaya mata ba. Doka ce a ƙona duk abin da aka tuge, ni kuwa ban ƙona ba. Suna cikin gwangwanaye a bayan tankin ruwa, kowanne da lambarsa. In na faɗa, ana iya sallamata. In na yi shiru, aikinta ya mutu.

Mijinki,
Tsohon Lambu

*

Uwar yarana,

Ina gaishe ki, ina gaida jikana. Amsarki ta iso, layi biyu kacal, duk faɗa. Na bi umarninki, na gaya wa Dakta gaskiya.

Na kai ta bayan tankin. Goma sha tara sun rayu, gajeru, masu kauri kamar tsintsiyar hannu. Ta durƙusa tana karanta lambobin, tana share ido da bayan hannu. Daga nan ta rubuta mini takardar gargaɗi, ta farko a rayuwata, ta kuma ce gobe in zo da wuri mu mayar da su tukwane.

Ta tambaye ni me ya hana ni ƙona su. Na ce mata shekara arba'in ke nan ina zaune da wata gajeruwa, kuma har yau ban ga iskar da ta kwantar da ita ba.

Ki dawo haka nan. Tulun da kike taka kujera kafin ki sauko da shi, na sauke miki shi ƙasa.

Naki har kullum,
Tsohon Lambu