Hular Buta Marar Ƙofa

Askerby, 9 ga Afrilu, 1997

'Yata Rosalind,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Neil da jikata Imogen. Yaya tarin yarinyar? Tun Kirsimeti na ce ki daina barinta ta fita babu rigar sanyi, amma ku 'yan yanzu sai likita ya faɗa kafin ku ji. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwa, ita ma mun saba da juna.

Kin ce in riƙa kiranki ta waya. Ba zan yi ba. A waya mutum yakan faɗi abin da bai auna ba, a takarda kuwa dole ya zauna ya yi tunani.

Mun fara saƙar hulunan butar shayi na bana. Kwamitin coci yana son guda sittin, a jera su a tagogin shagunan babban titi ranar bikin bazara, daga nan a kai su kyauta gidan tsofaffi na kan tudu. Mu goma sha huɗu ne a zauren coci duk Alhamis, wasu da tsinken saƙa, wasu da kwarashi. Matasan cikinmu sun zo da shirme. Wata Tamsin, matar sabon mai gyaran famfo, ta saƙa bushiya har da idanu, wata kuma tunkiya. Na gaya musu aikin hula shi ne ta riƙe zafin shayi, ba ta ba mutane dariya ba. Ke da kike jefa jakar shayi cikin kofi kamar 'yar haya ba za ki gane ba.

Tsarina bai canza ba, shekara goma sha tara ke nan. A saƙa ɓari biyu, a haɗa su da ɗinki, a bar ƙofa biyu, ɗaya ta bakin buta, ɗaya ta mariƙi. Duk wadda ta gama ta kawo min, in sa wa babbar butar nan mai ruwan ƙasa a gaban kowa. In ba ta zauna daidai ba, a warware. Na san suna gunaguni. Wanda bai koyi warware kuskurensa a saƙa ba, ba zai koya a ko'ina ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wani yana taɓa min aiki. Hulunan da na gama a kabad ɗin zaure nake barinsu. Ranar Alhamis na juya ɗaya don in yanke zare, sai na ga ɗinkin wajen bakin buta ba nawa ba ne, ya karkata hagu. Na duba sauran, har da wannan huɗu na samu haka. Bahaguwa ɗaya ce a cikinmu, Glenda Ackroyd, wadda muka zauna benci ɗaya da ita a sakandare, har yau kuma take kirana Monita, don ni ce monitar ajinmu. Na daɗe da sanin tana son kujerata. Amma me zai sa mace mai shekara saba'in da ɗaya ta zauna a ɓoye ta warware aiki mai kyau, ta sake ɗinke shi? Ban ce mata komai ba. Abin ya tsaya min a rai, har abinci ba ya shiga sosai. Daga yau a gida zan riƙa ajiye aikina.

Ki gaida Neil. Allah ya tsare ku.

Mahaifiyarki,
Enid Hebden

Askerby, 25 ga Afrilu, 1997

Rosalind,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na sami takardarki. Kin ce katin murnar haihuwa biyu na aika wa Imogen, kwana uku tsakani. To sai me? Yarinya ta ga kakarta tana sonta. Ban ji daɗin yadda kika rubuta shi ba.

Zan gaya miki abin da ya faru jiya, amma ki riƙe shi a ranki.

Huluna uku na saƙa a gida, masu ratsin shuɗi da fari. Ni na ɗinke su a kan teburin kicin da rana tsaka, da tabarau a idona. Babu wanda ya shigo gidan nan. Na kai su zaure a jakata, ban sake ta ba ko da ana raba biskit. Bayan na gwada na kowa, har na mayar wa Tamsin da tata saboda ƙofar mariƙi ta yi kaɗan, sai na ɗauko tawa. Na sa wa buta, ta ƙi shiga. Na juya ta, na sake. Rosalind, babu ƙofa ko ɗaya. Na ɗinke ta tun daga ƙasa har sama, gefe da gefe, kamar buhu. Na tsaya ina tura ta a kan bakin butar, mata goma sha uku suna kallona, har murfin ya faɗi ya gangara ƙarƙashin piyano.

Glenda ce ta yi magana. Ta ce, “Ku ƙyale Monita, ba ta buta ba ce wannan. Ta sanƙon Rabaran ce, kun ga yadda yake rawar sanyi ranar Lahadi.” Ta fizge ta daga hannuna ta kifa a kanta. Suka yi dariya, irin dariyar da ake yi don a huta. Tamsin ba ta yi ba, kallon tausayi ta yi min, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Da na dawo gida na juya ukun duka. Biyu babu ƙofa. Ɗinkin nawa ne, madaidaici, mai kyau, babu inda ya karkata.

Kina da shekara tara lokacin da kakarki ta saƙa safar nan, ban sani ba ko kin tuna. Ta manta da dunduniya, ta yi ta saƙa har ta kai tsawon hannu biyu, tana cewa ta babanki ce. Na yi mata faɗa a kan sakaci. Wata takwas bayan haka ba ta san sunana ba.

Wataƙila gajiya ce. Wataƙila tabarau ne suka tsufa. Kada ki zo, kina da ɗalibai masu jarrabawa, kuma mace ba ta barin aikinta don hular buta. Kada ki gaya wa Neil.

Mahaifiyarki,
Enid

Askerby, 14 ga Mayu, 1997

'Yata,

Ina gaishe ku duka. Sau uku na ji waya tana ƙara ranar Lahadi, na san ke ce. Ki yi haƙuri, ban iya ɗauka ba.

Alhamis biyu ban je zaure ba. Jiya da yamma Glenda ta zo da kek a cikin gwangwani, ba ta jira an ce ta zauna ba. Na dafa shayi yadda ya kamata, na ɗumama butar kafin in zuba ganye, ina lura da kowane mataki kamar mai jarrabawa. Sai na tambaye ta kai tsaye ko ita ce take taɓa min aiki.

Ta ce ita ce, tun Fabrairu. Takan tsaya bayan an tashi da sunan wanke kofuna, ta buɗe kabad, ta duba nawa, ta warware inda na rufe, ta bar ƙofa. Huɗu na gani, amma goma sha ɗaya ta gyara. Har ta gwada ɗinki da dama don kada in gane, ta ce hannun ya ƙi.

Na ce mata wannan ha'inci ne, ta sa na tsaya ina warware aikin 'ya'yan mutane alhali nawa ya fi lalacewa. Ta ce, “Shekara sittin kina gyara mu, Monita. Sau ɗaya aka gyara ki, shi ne za ki kai ni kotu?” Na ce, “Bahaguwa, fita min daga gida.” Ta yanka kek, ta ci gaba da zamanta.

Ban san yadda aka yi ba, na gaya mata abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar Litinin na fito daga gidan waya, na tsaya gaban shagon mai nama, ban san ko dama zan yi ko hagu ba. Titin da na bi shekara arba'in da shida. Bai fi minti biyu ba, na yi kamar ina duba farashin naman rago. Yanzu kafin in fita sai na tsaya bakin ƙofa na faɗi hanyar a raina, ita ma sai in ji tsoron ranar da zan faɗa ta ƙi zuwa.

Glenda ta ba ni zaɓi: ko in je wurin likita da ita kafin biki, ko ta kira ki da kanta. Na ce ba ta da wannan iko. Ta ce mijinta ma haka ya ce kafin ta kai shi a cire masa haƙori.

Ba likita nake tsoro ba, Rosalind. Inda ake zuwa bayan likita nake tsoro. Ina ganin rufinsa a kan tudu daga tagar ɗakina.

Har yanzu kada ki zo. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Enid

Askerby, 24 ga Yuni, 1997

Rosalind, 'yata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na je wurin likita. Ta faɗa min kalmomi uku ta ce in riƙe, ta sa na zana agogo, sannan ta tambaye ni kalmomin. Ɗaya na kawo. Ta rubuta min takarda zuwa babban asibiti, ranar takwas ga Yuli da ƙarfe goma na safe. Ba ta faɗi sunan ciwon ba, ni ma ban tambaya ba.

An yi biki ranar Asabar, huluna sittin da uku. Bushiyar Tamsin ce ta fi tara mutane, kuma na gwada ta, tana riƙe zafi, dole in faɗi gaskiya. Ni na saƙa ɓarin, Glenda ta haɗa. Haka muka shirya yanzu, kuma kowa ya sani, domin ni na tashi na faɗa musu da bakina. Butar mai ruwan ƙasa na miƙa wa Glenda.

Jiya muka kai su gidan tsofaffi. Shekara goma sha tara ina aika huluna can, ban taɓa kai su da ƙafata ba, kullum sai in sami dalili. Wannan karon na shiga. Wurin yana da tsabta, ma'aikatan suna da kirki, ba ni da abin da zan ce a kansu. Ɗaki na shida, inda kakarki ta zauna, yana nan, tagarsa na kallon filin tumaki. Wata tsohuwa tana zaune a ciki da kwat ɗinta a jiki, jaka a cinya. Ta tambaye ni ko ni ce aka aiko in mayar da ita gida.

Abin da na koya miki ke nan tun kina ƙarama, cewa ƙarya ba ta da ƙarama. Har na hana ki zuwa bikin makaranta don kin ce kin goge haƙori ba ki goge ba. To ki ji. Ranar da na kai kakarki ɗakin nan, na ce mata mako biyu ne kawai, za a yi wa gida fenti. Shekara uku ta yi. Duk ranar da na je, kwat ɗinta yana jikinta, tana tambaya ko fentin ya bushe. Ta manta sunana, ba ta manta da mako biyun ba. Ban taɓa gaya wa babanki ba har ya rasu.

Cikin ƙunshin nan akwai makullin ƙofar gaba, da hular nan marar ƙofa. Ban bari Glenda ta gyara ta ba. Ki ajiye ta wuri mai kyau, ba cikin tarkacen durowarki ba. Na san halina. Wata rana zan tsaya in ce lafiyata ƙalau, in ce ke da Neil kuna son gidana, in faɗa miki maganar da za ta yi miki ciwo. Ranar kada ki yi gardama da ni. Ki ɗora min hular a cinya, ki ce in juya ta in duba ɗinkin. Zan gane hannuna.

Ina so in zauna a gidana iya yadda zai yiwu. In kuma ya gagara, ki gaya min da bakinki, ki faɗi sunan wurin, ki ce ba zan dawo ba. Zan yi kuka, wataƙila in zage ki. Ki jure. Kada ki ce min mako biyu.

Ki zo ranar bakwai ga wata. Glenda ta ce za ta raka ni asibiti, amma ke nake so. Ina jin tsoro, Rosalind. Ki taho da rigar sanyi, yamma a nan har yanzu da sanyi. In kin iso kin ga ban ɗora shayi ba, ki ɗora, amma a buta.

Yaya tarin Imogen? In na riga na tambaya kin ba ni amsa, ki sake gaya min.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Enid