Kafar da Na Toshe Miki

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama inda kike kwance. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina raye ma sai dai a karanta miki, ke kuma ki juya baya ki ci gaba da tsintar wake kamar ba da ke ake ba, tunda takardar ɗan fari ce. Shekara takwas ke nan da muka kai ki makwancinki, sai yau na sami abin da ya tilasta mini zama in yi miki magana.

Gida lafiya. Surukarki Binta tana nan yadda kika bar ta, ba ta daina yi mini faɗan shan shayi mai sukari da yawa ba. Jikokinki sun girma, babbar har ta yi ɗaki. Babban labari shi ne unguwarmu ta tashi, Inna. Za a faɗaɗa hanya daga wajen Ƙofar Kwaya, kuma ta kan lungunmu za ta bi. An zo an shafa jan fenti a kowane bango, kowa ya kwashe nasa ya nasa. Mu mun koma Kambarawa wata uku da suka wuce. Gobe Litinin motar rusau za ta shiga.

Jiya Asabar da hantsi na ce bari in je in tono randarki, ita kaɗai ta rage a gidan. Da na shiga bakin lungu sai na tsaya. Babu daka, babu kukan injin markaɗe, babu rediyon mai wanki. An cire ƙyamare, an kware kwanon rufi, gidaje sun yi tsaye baki buɗe. Damina ta yi aikinta, tafasa ta kai gwiwa a inda muke shimfiɗa tabarmar sallah, kabewa ta hau katanga ta zuba 'ya'ya babu mai tsinka. A jikin zauren farko, na gidan mai goro, har yanzu ga rubutun nan da baƙin fenti, ba a shiga, alhali ko ƙyaure babu.

Kin san tarihina da lungun nan. Ana yaye ni aka kai ni ƙauye wurin kakata, kamar yadda ake yi wa ɗan fari, ban dawo ba sai da murya ta fara buɗewa. Saboda haka ban taɓa yin yawon gida-gida irin na yara ba. Shekara arba'in ina gaisawa da maƙwabta, iyakacina zaure. Na san tarin kowane magidanci da irin takalminsa, amma ban san ko bishiya ɗaya da ke cikin gidansa ba. Na waiga hagu, na waiga dama, da furfurata, kamar mai shirin satar kaza. Sannan na yi sallama, na amsa wa kaina, na shiga.

Inna, ashe haka gidan mai goro yake a ciki? Akwai soron da aka yi wa rufin ɗaurin guga, an kafa tasa a tsakiyar rufin, rana ta shigo ta wata 'yar taga tana haska ta. Na daɗe da kai a sama har wuyana ya ƙage. Shekara da shekaru ina wuce wannan bango na ƙasa ina raina shi a zuci, ina cewa me ya hana su sa bulo.

A bayan madafin gidan na ga kafa. Irin 'yar ƙofar nan ce da ake fasawa a katangar da ta raba gida biyu, wadda sai mutum ya sunkuya, irin wadda muke da ita a da tsakaninmu da gidan Gwaggo Delu, ƙawarki. Na sunkuya na bi, sai ga ni a gida na biyu. Na duba, ga wata a bayan rijiya. Na bi ta, ga wata kuma a gefen turken awaki. Tun ina yi da wasa har na koma ina ƙirga su. Ni a sanina kafarmu ita kaɗai ce, wani sakaci ne na mutanen da. Ashe hanya ce. Ashe akwai wani gari a cikin garin nan, da titinsa da mararrabarsa, wanda mu maza muke zaune a bakinsa muna ta hirar siyasa ba mu san da shi ba.

Kowace kafa azarar samanta ta yi baƙi, ta yi santsi tana sheƙi, saboda hannuwan da suka dafa ta. Ƙasan ya lotsa a tsakiya kamar bakin tsohon turmi. Wata an yi mata 'yar matakala don tsofaffi. Wata an karkatar da ita, yadda mai wucewa ba za ta ga ɗakin maigida ba, shi ma ba zai gan ta ba. A jikin kowacce akwai ɗan gurbin ajiye fitila, hayaƙi ya bar zanensa a sama. Na ga rijiya ɗaya da katanga ta ratsa ta tsakiya, gida biyu suna ja, kowa da bakinsa. Wa ya tsara wannan? Ba a kawo injiniya ba, ba a yi taro ba, ban taɓa jin an yi maganarsa a majalisa ba. Ni da na ƙare aikin gwamnati ina ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur, ban taɓa ganin tsarin da ya kai wannan zama daidai ba.

Gida goma sha uku na ratsa ban taka titi ba. A na ƙarshe na zagaya bayan wani ɗaki ina neman kafa ta gaba, sai na ci karo da bulo da siminti. Na tsaya ina jin haushi, ina cewa wane mara tunani ne ya datse hanya. Sai na ɗaga kai na ga reshen dalbejiyarmu ta saman katanga. Gidan Gwaggo Delu nake, kuma aikina ne nake kallo ta baya.

Kin tuna. Shekara uku kafin rasuwarki na yi gyaran gida, na sa tayil, na sa ƙofar ƙarfe. Na ce gida ya zama kasuwa, mace ta ɓullo ta bango ba sallamar kirki, wannan ta zo ɗibar wuta, waccan aron taɓarya, wata ta tashe ki don naƙuda ta kama 'yarta. Na ce zamani ya lalace, sai da tsaro. Na ce duk mai son ganinki ta biyo ta ƙofar gida kamar kowa. Har na ce, a gaban Binta, ke ba ki san yadda duniya take ba tunda ba fita kike ba. Wannan maganar ita ta fi ci mini rai. Kina zaune a kan kujerarki 'yar tsugunne magini ya jera bulo, ba ki ce uffan ba. Ke da ko sunana ba kya kamawa, yaya za a yi ki yi gardama da ni? Ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin yarda, don haka ya fi mini sauƙi.

Ban yi tunanin cewa gwiwoyinki ba za su iya zagaye ta titi ba. Ban yi tunanin mace sai ta nemi izini, ta nemi mayafi, ta ratsa maza a zaure biyu, kafin ta zo ta ce miki ina kwana ba. Na ga dai kin rage magana kin ƙara zama a gindin bangon nan kusa da randa, na ce tsufa ne.

Ina tsaye a wurin sai na lura da turmi a kife a jikin bulon, samansa ya yi santsi don zama. Daidai kunnen wanda ya zauna a kai, akwai rami a cikin simintin, faɗinsa bai fi a zura hannu ba, gefensa ya yi baƙi da maiƙo kamar azarar sauran kafofin. Na zauna a turmin na sa ido. Ban ga komai ba sai saƙar kaba. Na zura yatsa na ture, wani abu ya faɗi ta can, haske ya shigo, sai ga randarki. Faifan nan ne, Inna. Faifan da yake rataye a ƙusa a bangon nan, wanda na wuce sau dubu, har muka tashi ban ga dalilin cire shi ba.

Ban tono randar ba jiya. Da la'asar na nemi gidan ɗan Gwaggo Delu, inda take zaune yanzu a wani ɗaki mai tayil, ita kaɗai da talabijin. Ta tsufa ƙwarai, amma bakin yana nan. Bayan mun gaisa na tambaye ta ramin. Ta yi dariya har da tari, ta ce ashe sai yanzu na gani, da karatuna da komai. Ta ce da ƙusa da ɗan dutsen niƙa suka yi shi, "mu huɗu, kwana shidda, kana hita ohis mu hwara." Ta ce ta nan kuke gaisawa kowace safiya, ta nan goro yake wucewa, ta nan ake kawo miki labarin wadda ta haihu da wadda ta rasu. Ta ce akwai ranar da haihuwa ta zo wa wata yarinya da gardama, kina wannan gefe kina faɗin abin da za a yi, mata suna miƙa maganar daga kafa zuwa kafa har gida na biyar, aka sauka lafiya. Jaririyar sunanki aka sa mata, yanzu tana aji shida. Na tambaye ta ko kin taɓa yin kuka da ni. Ta ce ko sau ɗaya, abin da kika roƙe su kawai kada su bari in sani, don kada in ji kunya.

Da na koma gida na gaya wa Binta. Ta ci gaba da yankan alayyahu, ta ce ai ita ta saƙa faifan.

Inna, na yi shekaru ina jin tausayinki, ina ganin duniyarki ba ta wuce tsakar gida ba. Ashe ke ce mai gida goma sha uku, ni ne mai ɗaki da zaure. Me ya sa ban taɓa tambayarki ina kike zuwa idan kin sunkuya ta kafar nan ba? Na ji kunyar da kika ɓoye mini, ta zo ta same ni duk da haka, kuma gara da ta zo.

Yau da safe na koma da guduma. Na san abin dariya ne, mutum ya je yana fasa bangon da gobe mota za ta kwashe cikin minti biyu. Hannuna ya yi kanta, bayana ya riƙe, sai wajen azahar bulon ƙarshe ya faɗi. Azararku tana nan a ƙarƙashin simintin, baƙa, mai santsi, ba abin da ya same ta. Na share wurin, na zauna a gefenki kusa da randa. Iska ta taso tun daga gidan mai goro, ta ratso gidajen nan duka, ta shigo tsakar gidanmu. Na dafa inda kike dafawa, na sunkuya, na yi sallama na wuce.

Gobe za su rushe komai, ba ni da ikon hanawa. Amma za su same ta a buɗe.

Ki yafe mini, Inna. Allah ya jiƙanki, ya yalwata miki makwanci, ya sada ki da maƙwabta irin waɗanda kika bari. Na ɗauko randar da faifan, azarar kuma na kai wa Gwaggo Delu. Sai mun zo.

Ɗanki na fari,
wanda ba kya faɗin sunansa.