Baƙar Kwat Ɗin da Aka Yaga

Litinin, 9 ga Oktoba

Yajin aiki kuma. Wai ɗan sanda ya mari wani lauya a bakin ƙofar kotu, shi ke nan Rana Zulfiqar, shugaban ƙungiyar lauyoyin garin nan, ya ce kada wanda ya shiga gaban alƙali har sai abin da hali ya yi. Da idona na ga yaransa sun fasa tagogin kotu ta biyu, sun jefo kujerar alƙali daga bene, sun fasa wa masinja baki don ya ce su bar fankar. Lauyoyi ke nan fa. Kunya ta kama ni kamar ni na yi.

Na gode Allah da ofishinmu. Shekara arba'in da ɗaya da kafa ofishin lauyoyi na Langah da Kanju, kwangila da haraji da filayen masana'antu da rikicin abokan kasuwanci, gundumomi uku sun san mu, kuma ba a taɓa cewa ga ɗanmu ya ɗaga wa wani yatsa ba. Mian Sahib Langah, wanda ya kafa ofishin tare da marigayi babana Kanju, kullum maganarsa ɗaya: "A nan hannu na rubutu ne." Abin da muke ci ke nan, sunan nan.

Talata, 10 ga Oktoba

Bibi Kausar, wadda muke tsaya wa a kotu, ta zo, ko shayin da aka kawo mata ba ta taɓa ba. Masana'antar gurzar audugar da mijinta ya bar mata ce Malik Tufail, tsohon abokin kasuwancinsa, yake so ya ƙwace. Umarnin kotun da ya hana shi shiga zai ƙare jibi, alƙali kuwa ya rubuta ƙarara cewa sai lauya ya tsaya ya nemi ƙari. In ba haka ba, Juma'a 'yan dabar Tufail na ciki, auduga kuma cike da fili.

A yajin aiki, mai shari'ar gaggawa yakan karɓi 'yar takardar izini daga shugaban ƙungiya, yaransa su buɗe masa hanya. Haka aka saba. Na je na sami Rana yana cin gasasshen nama a ofis. Na manta, ko na yi kamar na manta, cewa Tufail surukinsa ne.

"A'a, Kanju Sahib! Yau masu turare sun sauko wurin talakawa? Takarda ta ƙare, ɗan'uwa. Ka je ka rubuta wa kanka, ai ku gwanayen rubutu ne."

Suka kwashe da dariya. Na fito ba takarda.

Laraba, 11 ga Oktoba

Ba baƙar kwat ta lauyoyi a jikina, alƙali ba zai saurare ni ba. Da kwat, ba zan kai ƙofa ba. Mian Sahib ya ce in naɗe ta cikin jakar fayil, sai na kai ƙofar alƙali in sa ta a jikina. Ya ƙara da cewa, "In sun taɓa ka, Shafqat, ka rufe kanka ka zauna ƙasa. Duka yana warkewa."

Sauƙin faɗa. Shi yana gida da ciwon gwiwa.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Da ƙyar nake rubutun nan.

Minti uku na yi a gaban alƙali. Ya ƙara mata sati biyu, ya sa hannu bai ko ɗago ba, tsoro duk ya cika shi. Ina fitowa baranda na tarar da yaran Rana sun fi ashirin. Wani ya ce, "Ga maci amana!" Suka kama kwat ɗin ta baya suka raba ta biyu. Mari, naushi, wani ya maka min kujera a ka, na ji haƙori yana yawo a bakina. Na zauna ƙasa na rufe kai yadda aka ce, takardar umarnin a cikin singileti. Na jure, wallahi na jure.

Sai Rana ya zo ya sa takalminsa a wuyana ya ce, "Ubanka ma haka ya iya durƙuso."

Ban san yadda ƙafar kujerar nan ta zo hannuna ba. Na dai ji ƙarar hancinsa. Jini ya wanke masa farar riga, suka watse kamar kaji, ni kuma ina tsaye da rabin kwat ina ihu su dawo. Ni. Ni Shafqat.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Ɗinki bakwai, haƙori ɗaya. Kunun shinkafa kawai ke shiga.

Asabar, 14 ga Oktoba

Mian Sahib ya hawo benenmu da sandarsa, da ledar rumman. Wani ya ɗauki abin a waya, gari duk ya gani, shi ma ya gani.

"Ka sami umarnin?"

"Na samu, Mian Sahib."

"Kafin ka doke shi ko bayan?"

"Kafin."

"To me ka je nema a fuskarsa?"

Na ce ya zagi babana. Ya ce ya sani, shi ma da ya ji sai da ya jefar da kofin shayi. Sannan ya ce, "Na ƙirga, ɗana. Sau huɗu ka doke shi. A na uku ya riga ya kwanta."

Haushinsa na ji, da haushin kaina, amma nasa ya fi yawa. Ni a tunanina sau biyu ne.

Litinin, 16 ga Oktoba

Da hantsi Bibi Kausar ta bugo tana kuka. Umarni ko ba umarni, mutanen Tufail sun zo da mota biyu. Sun cinna wa amalanken auduga wuta a bakin ƙofa, sun karya wa tsohon mai gadinta hannu, 'yan sanda kuma sun ce motarsu ba mai.

Na tafi da umarnin a aljihu, kai a naɗe da bandeji. Hayaƙi, mata masu tsince auduga suna kururuwa, wani ƙato yana dukan kwaɗon ƙofa da guduma. Na fito daga mota zan ciro takarda, sai ɗaya ya dafa ƙaton.

"Kai, shi ne fa. Wanda ya fasa Rana."

Suka dube ni, suka dubi juna. Ƙaton ya ajiye guduma ya ce, "Lauya Sahib, mu aiko mu aka yi." Suka hau mota.

Ban ko buɗe takardar ba. Shekara ashirin ina rubuta irinta. A hanyar dawowa na kama kaina ina waƙa.

Alhamis, 19 ga Oktoba

An janye yaji. Ofis ya cika har matakala, irin cikar da ban taɓa gani ba. Mai kamfanin bulo, masu manyan motoci biyu, wani mai rumbun taki da ake rikicin katanga da shi. Ba wanda ya tambayi kwangila ko haraji. Mai bulon ya riƙe hannuna na dama da hannu bibbiyu ya ce, "Irin ka muke nema, Sahib, mun gaji da lauyoyin takarda."

Mian Sahib yana ofishinsa ƙofa a buɗe, ya ji. Da azahar ya fito ya ajiye min makullin kabad ɗin fayilolinsa a tebur, ya ce gwiwa ta matsa masa, zai huta kwana biyu. Bai kalle ni ba. Na so in bi shi matakala, amma mutane na jira.

Asabar, 21 ga Oktoba

Bai zo ba. Na buga masa waya sau biyu, 'yarsa ta ce yana barci.

Masana'antar Bibi Kausar na aiki, ta aiko da kwandon lemo. To me ake so in yi? Na karɓi shari'ar mai bulo, shari'ar fili ce kamar kowace, a cikin aikinmu take. Ƙafar kujerar tana ƙarƙashin kujerar motata, ban sami lokacin jefar da ita ba ne kawai.

Na je wurin tela a auna min sabuwar kwat. Ya ce yadda aka saba? Na ce ya ɗan saki hammata da kafaɗar dama, yadda hannu zai ɗagu sosai. Ya dube ni ta saman tabarau. Na ce saboda zafi ne.